Tanimu da Kwiyakwiyin Ƙyale-su

A unguwar da ke bayan kara, wato kasuwar dabbobi, a garin Dakoro, in ka tambayi gidan Tanimu mai fiɗa sai a tsaya ana tunani. In kuwa ka ce Tanimu mai karnuka, kafin ka rufe baki an nuna maka gidan: wani ɗan gida mai katangar laka, da ƙofar langa-langa wadda kullum a rufe take.

Asalinsa mutumin Sabon Maci ne. Ubansa maharbi ne, ya tashi ya tarar da karnuka a gidansu kamar yadda wasu ke tarar da awaki. Ya bi uban farautar zomo da gada har ya fara gemu. Da gonaki suka cinye dajin, naman ya ƙare, uban kuma ya rasu, sai ya ɗauko matarsa Hawwa'u da karya guda ɗaya suka yo Dakoro. Wani mahauci ya ɗauke shi fiɗa a kwata, ya zauna a kan wannan sana'a har furfura ta kama shi. Kowace rana bayan an gama yanka zai taho gida da tsohon bokiti cike da huhu da saifa da ƙasusuwa, Hawwa'u ta dafa da dussar gero, a zuba wa karnuka.

Karnukan nasa ba irin na bola ba ne. Dogaye ne sirara, masu shafaffen ciki da dogayen ƙafafu, irin waɗanda makiyayan arewa ke so saboda suna jin ƙanshin dila tun yana nesa. Daga Azagor da Ɗan Gulbi ake zuwa neman kwikwiyo a wurinsa, kuma ba kowa yake ba wa ba. Sai ya zauna da mutum ya tambaye shi inda yake kwana, da abin da zai ciyar da karen, yana magana yana kallon ƙwayar idonsa. Da yawa sun tashi cikin fushi.

Haka halinsa yake a kan kome. In an gaishe shi da fara'a sai ya kwana yana tunanin abin da ake so a wurinsa. In an kawo musu tuwon suna daga maƙwabta, mutanen gida za su ci, amma ragowar ba za ta shiga bakin kare ba. Hawwa'u, wadda ta haifa masa 'ya'ya mata duk sun yi aure, ta daɗe da daina yi masa gardama a kan wannan.

A shekarar da abin ya faru yana da karya mai launin yashi da ya sa wa suna Ƙyale-su, da wani ɗanta na haihuwar baya, baƙi, bai cika shekara ba, ana kiransa Duna. Wannan suna na Ƙyale-su ya jawo magana. Maƙwabcinsu na jikin katanga, Elhaji Jimrau, ɗan kasuwa mai babbar mota da ke jigilar wake da kanwa tsakanin Dakoro da Maraɗi, ya ɗauka da shi ake. Sun taɓa yin cacar baki saboda haushin karnukan da asuba, bayan nan ne aka sa wa karyar suna. Duk lokacin da Tanimu ya ɗaga murya a tsakar gida ya ce, "Ƙyale-su, taho nan," sai a ji Elhaji ya yi gyaran murya ta bayan katanga. Tanimu bai taɓa cewa da shi yake ba, bai kuma taɓa cewa ba da shi yake ba.

Da kaka, ana cikin yankan gero, Ƙyale-su ta haifi kwiyakwiyi biyar a cikin tsohon rumbu. Huɗu sun yi kama da uwarsu. Na biyar namiji ne ja, mai farin ƙirji, ya fi sauran girma da kuzari. Shi ne Tanimu ya yi wa Samba alkawari. Samba Bafulatani ne makiyayi daga yankin Azagor, shi kaɗai ne mutumin da Tanimu ke kira aboki ba tare da ya yi jim ba. Ya zo ranar kasuwa ya ga kwikwiyon idonsa bai ma buɗe ba, ya ɗaga shi ya duba tafin ƙafarsa, ya ce zai dawo ya ɗauka in an yaye.

Ba a daɗe ba karnuka suka fara mutuwa a gari. Aka fara ganin gawarwakinsu a bakin kwata da bayan tasha, yawanci ƙanana. Kare zai ƙi abinci, ya kama amai, sannan zawo mai jini da wani irin ɗoyi da ke korar mutum daga wuri, kafin a ankara ya sheƙe. Magana ta bazu. Wasu suka ce hukuma ce ta watsa nama mai guba don rage karnukan titi. Wasu suka ce ɓarayin dabbobi ne ke share hanya kafin su shigo. Tanimu ya saurari kowa yana fiɗarsa. Ya dai sayo sabon kwaɗo ya sa wa ƙofa, ya hana karnukansa leƙa waje.

Duk da haka wata safiya Duna ya ƙi tashi wurin akushi. Da rana ya yi amai mai kumfa. Tanimu ya dawo daga kwata ya same shi kwance a gindin bishiyar bedi, idanu sun faɗa. Ya ajiye bokiti ya shiga zagaya gida yana duban ƙasa, har ya kai jikin katangar Elhaji. A nan ya tsinci wani ƙashin haƙarƙari, da ɗan nama a jikinsa. Ya juya shi, ya sansana.

"Hawwa'u, wannan daga tukunyarki ya fito?"

Ta duba ta ce, "Malam, ƙashi nawa ke shigowa gidan nan kullum? Ina zan gane wannan?"

"Ni na gane. Wannan gasasshe ne. Mu dafawa muke yi."

"Shirwa ma tana yar da ƙashi."

"Shirwar da ta san jikin katangar Elhaji," in ji shi.

Bayan sallar la'asar, a ƙofar masallacin unguwa, mutane na saka takalma, Tanimu ya zaro ƙashin daga aljihu ya miƙa wa Elhaji Jimrau ya ce, "Ga ajiyarka, an yar mini a gida."

Elhaji ya dubi ƙashin ya dubi Tanimu. "Malam Tanimu, me kake nufi?"

"Karena na can yana zawon jini. Ƙofata a kulle take. Ta sama kaɗai abu ke shigowa gidana."

Fuskar Elhaji ta canza. Ya ce, "Na tsani haushin karnukanka, wannan kowa ya sani, ban ɓoye ba. Amma in kashe rai da guba? Ka je ka nemi shaida, in ka samu ka kai ni wurin mai unguwa ko jandarma, duk wanda ka ga dama." Liman ya shiga tsakani, aka ja kowa gefe. Daga ranar suka daina gaisawa.

Hawwa'u ce ta yi abin da bai zo wa Tanimu a rai ba. Washegari, da ya tafi kwata, ta nannaɗe Duna a buhu, ta roƙi wani mai amalanke ya kai su bakin kara, inda wata mata mai suna Munira ke da shagon maganin dabbobi. Munira ta yi karatun kiwon dabbobi, ita ke yi wa shanu da awakin yankin rigakafi, makiyaya na kiranta Madam. Ta buɗe buhun, warin kaɗai ya ishe ta. Ta sa wa karen ƙarin ruwa a bayan shago, ta ce a kira maigidan.

Tanimu ya zo da wuƙar fiɗa a ƙugu, ransa a ɓace. Ya tsaya daga bakin ƙofa.

Munira ta ce, "Baba, sannu da zuwa. Karenka ba guba ya ci ba. Ciwo ne, mu muna ce masa parbo. Hanji yake ci. Ya fi kama ƙanana da waɗanda ba a yi wa rigakafi ba, shi ya sa kake ganin manya na tsira."

"Ciwo," in ji Tanimu. "Karen da bai fita ba, ta ina ciwo ya same shi?"

"Kai kana fita ai. A cikin kashin kare mai ciwon yake, kuma yana daɗewa a ƙasa watanni bai mutu ba. Karnukan titi nawa ke kwana a kwata? Ka taka, ka shiga gida da takalmin. Ko gindin bokitinka ma ya isa."

Tanimu ya dubi takalmansa na taya, ya ɗago kai. "Wato ni na kashe karena."

"Ban ce haka ba, Baba. Na ce ta nan ciwon ke bi."

"Wa ya gaya miki ki faɗa mini haka?"

Munira ba ta gane tambayar ba. Hawwa'u ta gane, ta sunkuyar da kai.

Duna bai kai jibi ba. Da aka kawo labari Tanimu ya ce da ma ya sani, kare ya shiga shagon da ransa, an huda shi da allura, ya fito gawa. Ya haƙa rami mai zurfi a bayan gari ya binne shi shi kaɗai.

Amma maganar takalmin ta tsaya masa a rai. Bai yarda ba, bai kuma iya watsar da ita ba. Munira ta gaya wa Hawwa'u abin da za a yi: a kwashe ƙasar inda Duna ya kwanta, a ƙone buhunan, a wanke akushi da bokiti da ruwan jabel, wanda ake wanke fararen tufafi da shi, a kuma ajiye kwano da ruwan a bakin ƙofa, duk mai shigowa ya tsoma ƙasan takalminsa. Hawwa'u ta yi duka. Ranar farko Tanimu ya tsallake kwanon ya wuce. Rana ta biyu ya tsaya a kansa yana kallo, sannan ya cire takalman ya bar su a waje, ya shiga da ƙafa.

Rigakafin wannan ciwo babu shi a Dakoro, sai an kawo daga Maraɗi, kuma dole ya zo cikin sanyi. Munira ta aika a kawo mata, ta sanar da masu karnuka. Da ya iso ta zo gidan Tanimu da kanta a kan babur, da ɗan akwatin ƙanƙara a baya. Ta tsoma takalmanta a jabel ba tare da an ce mata ba. Kwiyakwiyin a lokacin sun fara lasar abinci, suna ta kokawa a bakin rumbu.

Ta ce, "Sun isa allurar farko. Bayan kusan wata guda a yi ta biyu, sannan ta uku. Kafin nan kada su taka waje, kada a ba kowa ko ɗaya."

Tanimu ya tsuguna ya dubi akwatin. "Wa ya kawo shi daga Maraɗi?"

"Direban Elhaji Jimrau. Motarsu ce kaɗai ta taho jiya da safe, Elhaji ya ce a sa shi a gaba kada rana ta doke shi."

Hawwa'u ta rufe ido. Tanimu ya miƙe a hankali ya ce, "Madam, ɗauki kayanki."

"Baba, kwalaben a rufe suke da hatimi, duba da idonka. Na yi wa karnukan gida nawa da su yau."

"Su waɗannan gidajen ba su yi faɗa da mai motar ba."

Hawwa'u ta ce, "Malam, in ba a yi musu ba, ciwon na cikin ƙasar gidan nan. Ka ga yadda Duna ya ƙare."

Tanimu ya shafa gemu. Sannan ya shiga cikin kwiyakwiyin ya ɗauko biyu, mata, mafi ƙanƙanta, ɗaya ma tana ɗingishi tun haihuwa. Ya ajiye su gaban Munira.

"Yi wa waɗannan. In guba ce, su na fi iya rasawa. Sauran ukun ba mai taɓa su."

Munira ta yi ƙoƙarin lallashinsa, ta ga ba hanya. Ta yi wa biyun, ta rufe akwatinta. Da za ta fita ta ce, "Aƙalla ka raba musu wuri da akushi." Wannan ya yarda, don shi ma yana son ya ga abin da zai faru da biyun ba tare da sun cakuɗu da sauran ba.

Ya sa musu ido kamar mai gadin fursuna. Da yamma ƙaramar ta yi lamo ta ƙi wasa, ya ce wa Hawwa'u, "Kin gani?" Washegari ta tashi ta cinye rabonta ta nemi na 'yar'uwarta. Kwanaki suka wuce, biyun na ƙara ƙiba, ukun ma lafiya. Tanimu ya fara cewa da ma babu wani ciwo, Duna guba ya ci, tun da aka tona asirin mai yi ya janye hannu.

Sai wata safiya jan kwikwiyon Samba ya ƙi akushi. Kafin azahar ya fara amai. Washegari ɗan'uwansa ya bi. Wannan karon Tanimu da kansa ya rungume su biyun ya yi shagon Munira, ya tsaya a kanta tana neman jijiya a ƙafar da ba ta kai yatsa kauri ba. Ya zauna a bayan shagon yana ɗiga musu ruwan gishiri da sukari a baki kamar yadda ta nuna masa, ya bar kwata kwana biyu, abin da bai taɓa yi ba. Jan ne ya fara mutuwa, ɗayan ya bi shi. Na ukun da ya rage a gida bai kamu ba. Tanimu ya ɗauko shi da kansa ya ce a yi masa allurar, bai kalli fuskar Munira ba lokacin da yake faɗa.

A hanyar gida Hawwa'u ta ce, "Yanzu fa, Malam? Maganar Elhaji?"

"Waɗannan ciwo ya kashe su, na gani da idona. Duna kuwa Allah ne ya san abin da ya ci."

"Zawonsu iri ɗaya, warinsu iri ɗaya."

"Na ji," ya ce, ya ƙara sauri.

Ranar kasuwa ta gaba Samba ya iso da sandarsa da wata 'yar akuya a igiya, wadda ya kawo wa abokinsa. Tanimu ya tare shi a waje, ya jawo ƙofa ya rufe a bayansa. Suka gaisa, suka tambayi iyali da dabbobi da ruwa. Sannan Tanimu ya gaya masa jan kwikwiyo ya mutu.

Samba ya jingina da sanda. "Ya mutu."

"Ciwon da ke gari ne. Har da Duna."

"Allah ya mayar da alheri. To bari in shiga in ga sauran, in zaɓi wani."

"Ba za ka shiga ba, aboki. Ciwon na cikin ƙasar gidan. Ka taka ka kai shi Azagor, karnukanku su ƙare. Kuma ba zan ba ka ko ɗaya ba sai an gama musu allura."

Samba ya dube shi, ya dubi rufaffiyar ƙofar, daga ciki ana jin kukan kwiyakwiyi. Ya ce, "Shekara nawa ina shiga gidan nan, yau ƙasarsa ta zama ciwo? Na ji a kara wani Buzu ya zo neman jan kare da raƙumi a hannu."

"Ya zo, na kore shi."

"Ka kore shi, kuma karen ya mutu, kuma ba za a shiga a gani ba."

Tanimu ya buɗe baki zai rantse, sai ya ga idon Samba a kansa, irin kallon da shi kansa ya saba yi wa mutane, ya san rantsuwa ba za ta yi kome ba. Ya ce, "Taho in kai ka inda na binne shi."

"In tona kabarin kare? A'a." Samba ya ɗaura igiyar akuyar a hannunsa. "Sai wata rana, Tanimu." Ya juya da akuyarsa.

Tanimu ya koma cikin gida. Da ya shiga Hawwa'u na tankaɗe, ta riga ta ji kome. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Mutumin da na sani tun ba shi da saniya goma. Ya ce na sayar."

"Bai gani da idonsa ba ai," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta.

Juma'ar da ta biyo, bayan an idar da salla, ya bi sahu har ya kai ga Elhaji Jimrau ya miƙa masa hannu. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Elhaji, an ce motarka ce ta kawo maganin. Na gode. Abin da na faɗa a ƙofar masallaci, ba ni da shaida a kai." Elhaji ya karɓi hannun da yatsu biyu ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Suna gaisawa yanzu, gaisuwa gajera. Elhaji bai sake barin jikokinsa su leƙa gidan Tanimu ba, Tanimu kuma ya ƙara wa katangar tsawo da jeri biyu na tubali, ya ce saboda iska.

Ciwon ya lafa a gari da shigowar sanyi. Kwiyakwiyi ukun suka gama allurarsu. Samba bai sake zuwa ƙofar gidan ba, ko da yake ana ganinsa a kara. Don haka wata safiya Tanimu ya yi wa namijin da ya rage wanka, ya wanke takalmansa da jabel, ya sa kwikwiyon a kwando ya hau motar Azagor. Daga inda mota ta sauke shi ya taka har rugar, rana ta take tsaka kafin ya isa.

Samba na gyaran igiyar maraƙi a gindin aduwa. Ya miƙe, suka gaisa, matarsa Inna ta kawo nono a ƙwarya. Tanimu ya buɗe kwandon. Samba ya ɗaga kwikwiyon ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya latsa cikinsa, ya ajiye shi ya ga yadda yake tafiya a yashi.

"Bai kai jan ba," ya ce.

"Bai kai ba."

Samba ya kalli kwikwiyon yana sansanar ƙafar wata tunkiya. Sannan ya ce, "Jan nan, da gaske ya mutu?"

"Ya mutu a hannuna, a bayan shagon Madam. Ka tambaye ta."

"Zan tambaye ta," in ji Samba. Ya kira Inna ya ce ta zuba wa karen madara, ya shimfiɗa wa Tanimu tabarma a inuwa.